Baƙin Kaskon da Ya Tafi Detroit

Fort Valley, Jojiya
3 ga Yuni, 1962

Ƙanwata Verlene,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Cleotis, da fatan sanyin garinku ya sake ku haka nan. Ni lafiyata lau, in ban da ƙaiƙayin kowace shekara. An buɗe rumfar tantance fici, ɗan itacen nan namu mai zaƙi da ƙwallo, tun makon jiya, kin kuwa san yadda gashin bayansa yake shiga fatar mutum. Tun safe har la'asar ina tsaye ina ware nunanne da ɗanye, in dawo gida ina susa har gwiwar hannu.

Mama ce ba lafiya. Tun bikin Ista hannunta na hagu ya shanye, bakinta ya ɗan karkace. Ban rubuto miki a lokacin ba, don na san amsar da zan samu: kati mai hoton fure. Yanzu hannun ya fara motsi, amma ta ƙi abinci. Romon kaza ma sai na yi da gaske take kurɓar cokali uku.

Ranar Asabar na ce bari in yi mata kobla da ficin farko, ko ƙamshi ya ja ta. Na yanka, na cire ƙwallon, na barbaɗa sukari, na shimfiɗa kwaɓin fulawa a kai na gasa a farar tasa. Gida duk ya ɗauka. Ta kalli tasar, ta kalle ni, ta ce, “Wannan ba kaskona ba ne.” Ta juya fuska bango.

Kin san wanda take nufi. Baƙin kaskon ƙarfen Kaka Lula, wanda Mama ta cika da kobla, ta rufe da tawul, ta ɗora miki a cinya a tashar jirgi ranar da kika bi Cleotis. Shekara bakwai ke nan. Ƙusar da ake rataye shi tana nan a bangon kicin ba komai a kanta, Mama ta hana a rataya ko ludayi. Kin kuma san ƙa'idar gidanmu, sai dai in Detroit ta goge miki ita: kwanon da aka ba ki da abinci aro ne, ana mayar da shi, kuma ba a mayar da shi wayam.

Bara ma sai da ta sa na dafa fici kwalba talatin muka ajiye, ta ɗauki fensir ta rubuta V a murfin guda shida, kamar yadda take yi duk shekara. Naki sun kai arba'in da biyu a kan kanta, ba mai taɓawa. Ni da nake tsayuwa a gaban wuta ina cika su, ba a taɓa rubuta O a kan ko ɗaya ba.

To, ki nemi hanyar da kaskon zai iso. Ban roƙe ki wani abu ba.

Yayarki,
Ozella

Detroit
24 ga Yuni, 1962

Yaya Ozella,

Wasiƙarki ta same ni lafiya, sai dai ta tayar mini da hankali. Allah Ya ba Mama sauƙi, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Ki shafa man shanu a hannun kafin ki tafi rumfa, haka Anti Dovie take yi, gashin ba ya kamawa sosai. Mu nan ƙalau muke. Cleotis yana gaisuwa, aiki ne ya yi masa yawa shi ya sa bai rubuta da kansa ba.

Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. A ɗakin wanki na asibitin da nake aiki an rage ma'aikata, mutum biyu muke yin aikin huɗu, in na dawo ko takalmi da ƙyar nake cirewa.

Maganar kasko. Yaya, abin nan ya tsufa, ga nauyi kamar dutse, mai ciwon hannu ina za ta iya da shi? Jiya na shiga babban kanti na zaɓo mata sabo, irin na zamani, mara nauyi, mai murfin gilashi, kina ganin abinci yana dahuwa ba sai kin buɗe ba. Na sa a gidan waya yau. Ki ce mata daga autarta ne, ki ce ina yi mata addu'a kullum.

Wannan maganar kwalabe kuwa, ki buɗe ku ci mana. Wa ya ce a ajiye mini?

Ƙanwarki,
Verlene

Fort Valley
2 ga Yuli, 1962

Verlene,

Muna nan yadda kika san mu. Mama ta ƙara ramewa, zobenta yanzu zare na naɗa masa don kada ya zame. Man shanu kuwa na gode, amma Anti Dovie ta rasu shekara huɗu da suka wuce, da kin zo jana'iza da kin sani.

Saƙonki ya iso. Mai kawo wasiƙa ya shigo da kwalin har baranda yana murna, Mama ta miƙe zaune da kanta, abin da ba ta yi ba tun Ista. Na buɗe a gabanta. Ta ɗauki kaskon naki da hannu ɗaya, ta leƙa ciki, ta ga fuskarta ta ciwo a ƙasansa kamar madubi. Ta miƙo mini ta koma ta kwanta. Yanzu yana bayan gida, kaji suna shan ruwa a ciki, sun kuma yaba.

Wai ke, a gidan wa kika tashi? An nemi kaskon Kaka, kin aiko da gwangwani. An ce ba a mayar da kwano wayam, kin aiko shi da takardar kanti a ciki. Sista Maybell ta cocinmu tana nan lokacin da aka buɗe, kin ga ke nan kafin Lahadi duk gari ya ji.

Kullum da safe sai Mama ta tambaye ni saura kwana nawa Lahadin Komawa Gida. Sha biyu ga Agusta ne, in kin manta, ranar da duk wanda ya tafi Arewa yake dawowa a shimfiɗa tebura a ƙarƙashin itatuwan coci. Shekara arba'in koblar Mama ce take fara ƙarewa a teburan nan. Ta ce bana a kaskonta za a kai, ko kuma kada a kai.

Kada ki fara lissafa mini aiki da gajiya da nisan hanya. Ba wanda ya ce yana marmarin ganin fuskarki. Kasko ake nema. Ki aiko shi, cike, kafin ranar.

Ozella

Detroit
20 ga Yuli, 1962

Yaya Ozella,

Ina fatan jikin Mama da sauƙi. Allah Ya ji ƙan Anti Dovie, wallahi ban sani ba, ko kuma an rubuto na manta, ban san wanne ya fi muni ba. Kwana goma sha biyar wasiƙarki tana cikin aljihun rigar aikina. Sau uku na fara amsa ina yagawa. Yau zan faɗa miki gaskiya, ki yi yadda kika ga dama da ita.

Cleotis ba ya gaisuwa. Shekara uku ke nan da ya kwashe kayansa ya koma wajen wata a Toledo. Duk gaisuwarsa da kike karantawa ni nake ƙirƙira. Ɗaki ɗaya nake haya a gidan wata tsohuwa, kicin ɗinmu ɗaya mu biyar.

Kaskon kuma na lalata shi. Shekararmu ta farko a nan, Cleotis ya kawo abokan aikinsa cin abinci, matar ɗaya daga cikinsu ta ga kaskon a kan murhu ta yi dariya, ta ce ashe har da dattin ƙauye muka taho. Da suka tafi ya ce ko in wanke ƙazantar nan ko ya jefar. Yaya, na san Mama ba ta taɓa bari sabulu ya taɓa shi ba, na san gishiri da tsumma kawai ake sa masa. Amma na samu soson ƙarfe da sabulu na zauna na kankare shi yini guda, har baƙin nan duk ya fita, ya koma fari-fari kamar toka. Na ji daɗi a ranar, har na nuna masa. Kafin mako ya zagayo tsatsa ta cinye shi ja wur. Tun daga nan yake ƙarƙashin gadona cikin jarida. Shi ne abin da kike so in aiko wa mara lafiya?

Kin tuna abin da Mama ta ce mini a tasha? Ke kina can kina rigima da mai kaya, ba ki ji ba. Ta ɗora mini kaskon, ta kalli Cleotis sama da ƙasa, ta ce, “Ranar da ya gaji da ke, ki kawo mini kaskona.” A gabansa ta faɗa. Na rantse a raina ba za ta taɓa ganin wannan ranar ba. To ranar ta zo ta wuce, ni kuma na kasa ɗauko ƙafa in zo ta ce ai dama ta faɗa.

Da na karanta cewa ba wanda yake marmarin fuskata, na yi kuka a ɗakin guga, amma kuma sai na ji wani sauƙi. Tunda kasko ake so, kasko zan iya. Ki koya mini yadda ake dawo da baƙinsa, ki kuma rubuto mini yadda Mama take kobla. Ni ban taɓa yi ba, ci kawai na iya, ke kika tsaya a kicin. Kada ki gaya mata maganar Cleotis.

Ƙanwarki,
Verlene

Fort Valley
26 ga Yuli, 1962

Verlene,

Mama tana nan jiya i yau. Ni kuma rumfa ta kusa rufewa, Elbata ce ta rage, ita ce ficin ƙarshe kuma ita ta fi kyau da gashi.

Maganar Cleotis ban yi mamaki ba, mutumin da yake goge takalminsa da tawul ɗin kicin. Ban gaya mata ba. Maganar soson ƙarfe kuwa, sai da na ajiye takardar na fita bayan gida na zagaya. Shekara sittin ana tara baƙin nan, kaza nawa, burodin masara nawa, hannun Kaka da na Mama, ke kika share shi a yini ɗaya don wata mai jan baki ta yi dariya. Bar shi kawai.

Ga yadda za ki yi. Ki raba dankali biyu, ki dangwala a gishiri mai tsakuwa, ki dirje tsatsar har ta fita. Ki ɗauraye, ki ɗora a wuta ya bushe ƙarau, kada ki bar masa ko ɗigon ruwa. Ki shafe shi ciki da baya da kitsen alade, sannan ki goge da tsumma har ki ga kamar ba ki shafa ba. Ki kifa shi a cikin tanderun murhu awa guda, ki bar shi ya huce a ciki. Ki maimaita sau shida. Zai yi hayaƙi, matan gidanku za su zage ki, ki bar su. Ba zai koma yadda yake ba, amma zai yi baƙi.

Koblar kuma. Ki nemi fici nunanne wanda ƙwallonsa yake fita da kansa, kada ki kuskura ki sa na gwangwani, Mama daga ƙofa za ta gane. Ki tsoma a tafasasshen ruwa ki tsame ki jefa a na sanyi, bawon zai sulluɓe. Ki yanka, ki zuba sukari kofi ɗaya da rabi, ɗan gishiri, ki goga gyaɗar ƙamshi kaɗan, ki bar shi awa guda ya fitar da ruwansa. Kwaɓin: fulawa, kitse mai sanyi, ruwan sanyi, kada ki murza shi da yawa sai ya yi tauri. Ki miƙar da shi da kwalba ki yanka tsiri-tsiri. Ga abin da sauran mata ba su sani ba: Mama hawa biyu take yi. Rabin ficin a ƙasa, tsirin kwaɓi a kai, a gasa ya fara ja, sannan a zuba sauran ficin, kwaɓin farkon ya nutse ya sha ruwan. Sai tsiri na biyu a gicciye, man shanu gutsure-gutsure, a barbaɗa sukari. Kada ki cire sai ruwan ya yi kauri yana ɓulɓulowa ta gefe, gefen kuma ya kusa ƙonewa. Wannan gefen kin san shi, shi ne wanda ake ɗebe miki ni a ba ni tsakiya.

Dikin Hosea Mabry, dattijon cocin nan, da matarsa za su taso daga Detroit ranar Juma'a goma ga wata, kamar kowace shekara. Gidansu yana titin da cocinku yake. Motarsa doguwa ce.

Ozella

Detroit
10 ga Agusta, 1962

Yaya,

Wannan takardar tana maƙale a tawul ɗin. Ki duba, shi ne wanda Mama ta rufe kaskon da shi a tasha, na ajiye shi.

Sau bakwai na gasa kaskon, na ƙara ɗaya a kan naki. Mai gidanmu ta ce in na sake cika mata gida da hayaƙi in nemi wani ɗakin. Kobla uku na ɓata: ta farko ruwa tsululu, ta biyu ta ƙone, ta uku kwaɓin kamar fata. Wannan ce ta huɗu. Na je kasuwa na zaɓi ficin ɗaya bayan ɗaya ina shinshinawa, har mai sayarwa ya tambaye ni ko daga Jojiya nake. Ban ɗanɗana ba, don kada in taɓa gefen.

Dikin ya ce kujerar baya babu kowa, in ɗauko jakata. Har na tsaya ina kallon motar. Amma na tuna abin da kika rubuta, na ce masa a'a. Ga kaskon Mama nan, cike. Ki rubuto mini ko ta ci.

Verlene

Detroit
2 ga Satumba, 1962

Yaya Ozella,

Lafiya kuwa? Mako uku shiru. Dikin ya dawo, na tare shi a coci, ya ce saƙo ya isa, ya wuce bai ko tsaya ba, matarsa ma kai kawai ta ɗaga mini. Ko koblar ta lalace a hanya? Ko Mama ta ƙi ci?

Tun da kaskon ya bar ƙarƙashin gadona nake jin ɗakin ya yi mini faɗi. Na yi tunani: in kun gama da shi, ki cika shi ki ba wani mai zuwa ya kawo mini. Ni da kaina zan dawo da shi a Kirsimeti. In da abu a hannuna, zan iya hawa barandar nan.

Verlene

Fort Valley
9 ga Satumba, 1962

Ƙanwata,

Mama tana cin abinci. Ga amsar da kike jira. Jiya ta cinye cinyar kaza da burodin masara, na kwance zaren zobenta, likita ya ce abin mamaki ne. Ni ma lafiyata lau, rumfa ta rufe, ƙaiƙayi ya tafi. Sauran labarin ne na kasa rubutawa har mako huɗu.

Ranar Juma'ar da kuka yi sallama da Dikin na gaya mata kaskonta yana hanya. Asabar tun da safe ta sa na yi mata kitso, na ciro shuɗiyar rigarta ta coci na goge. Ta ce in fitar da kujera biyu baranda. Na ce ni ina da aiki a kicin, ba zan zauna ba. Ta ce ba ni ta ajiye wa ba. Nan ta zauna har rana ta karkata, ko ruwa ta ƙi sha don kada ta tashi.

Da la'asar motar ta tsaya. Dikin ya fito, matarsa ta fito, Mama ba ta ko kalle su ba, idonta yana kan ƙofar baya. Ya buɗe ƙofar, ya sunkuya, ya ɗauko kaskon daga kan kujera. Ta ci gaba da kallon ƙofar har ya rufe ta da ƙafa. Ya hawo ya gaida Mama, ya ce mata, “Sista Tarpley, na yi na yi da ita ta shigo, wuri har ya yi yawa. Ta ce daga gida aka rubuto mata kasko kawai ake nema.”

Mama ta juyo ta kalle ni. Da ma ta mare ni.

Ta yaye tawul ɗin, ta gane shi, ta ninke ta ajiye a kan kujerar da ba kowa. Ta bi bakin kaskon da babban yatsa, ta ce an kankare shi. Can ta ce amma an wahala a kansa. Ta karɓi cokali ta ci, daga tsakiya. Gefen ba ta taɓa ba. Koblarki ta yi kyau, Verlene, ba zan ɓoye miki ba, ta kusa kamo tawa.

Washegari ta sa Dikin ya kwashe kwalabenki arba'in da biyu zuwa coci. A kan teburan nan aka buɗe su, kowa ya ci, har ana ɗiba a kai gida. Sista Maybell tana ta tambayar mene ne V, ba wanda ya amsa mata.

Yanzu ga nawa laifin, tunda kin faɗi naki. Tun ranar da ta ture farar tasa na san ba kasko take nema ba. Kowa a gidan nan ya san wanda ya ɗauki kwano shi yake dawo da shi da ƙafarsa, ni kuwa da gangan ban rubuta miki wannan rabin ƙa'idar ba. Maganar da ta gaya miki a tasha ma na ji ta, ina bayanki. Ke kin ji gori. Ita kuwa ba ta iya cewa “ki dawo gida” ba, ba ta taɓa iyawa ba, sai ta ba ki abin da dole ki dawo da shi. Da na karanta wasiƙarki ta Yuli, layi ɗaya ya isa in gyara komai. Na rubuta miki shafi biyu a kan dankali da kitse, na ce motar Dikin doguwa ce, na tsaya a nan. Shekara bakwai ni nake tare da ita, tun Ista ni nake juya ta a gado, ni nake wanke ta, ita kuma idonta yana kan hanya. Na so sau ɗaya ta ga hanyar ba kowa, ta waiwayo ta ga wanda yake tsaye a gefenta. To ta waiwayo. Yanzu daga “ba ni ruwa” sai “rufe taga”, iyakar maganarmu ke nan. Ficin bana kwalba talatin na cika, na ajiye mata fensir a kusa. Ba ta rubuta V ba, ba ta rubuta O ba.

Ta daina zama a baranda, ta daina tambayar mai kawo wasiƙa. Sunanki bai fito daga bakinta ba tun ranar.

Jiya na karanta mata wasiƙarki ta ƙarshe, duka, ban tsallake komai ba. Na ce akwai sauran kwalaben bana, bari in yi kobla in cika kaskon, ɗan Sista Maybell zai koma Detroit ranar Laraba. Na ce kin yi alkawarin Kirsimeti. Har na ɗauko fulawa. Tana zaune a bakin murhu, ta daɗe tana kallon kaskon a kan tebur.

Ta ce, “A'a. Ai ya dawo. Rataye shi.”

Na rataye shi. Yana nan a kan ƙusarsa.

Yayarki,
Ozella